Yaro ya iya gaisuwa, bai iya hira ba: laifin waya ne, ko na kunya, ko namu?

Me ya sa yaron da zai durƙusa ya gaishe ka tun daga kwana har gajiya, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, sai ya kafe da zarar ka tambaye shi yadda makaranta take? Ƙorafin ya yi yawa a ɗan tsakanin nan, a bakin malaman firamare na Birnin Kebbi da Jega, a majalisar dattawa bayan la'asar, har da zaurukan WhatsApp na iyaye mata. Wasu sun ce yaran yanzu ba su da baki, ka yi ta jan su da zance, su kuma daga e sai a'a. Wasu kuma kukansu akasin haka ne: yara sun yi baki da yawa, suna katse babba, suna cusa kansu cikin zancen da ba a sa da su ba. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne ke yin kukan biyu, kuma a kan yaran gida ɗaya.

Yawancin masu tsokaci sun riga sun yanke hukunci, wai waya ce. Waya tana da nata kason, za mu zo kanta. Amma yaron da ya yi tsit da wanda ya hana kowa magana, abu ɗaya ne ya kuɓuce musu: ba su san lokacin karɓar zance da lokacin miƙa shi ba. Wannan kuwa koyonsa ake yi, ba a haihuwar kowa da shi. Don haka abin dubawa shi ne wa ke koyar da shi a da, me ya sa aka daina, kuma wa ya kamata ya karɓi aikin yanzu.

Gaisuwa daban, hira daban, surutu daban

Gaisuwa zance ne mai tsari, amsarsa a shirye take tun kafin a yi tambaya. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ko mutum ya kwana da zazzaɓi amsar ba ta canzawa. A wannan fage gidajenmu sun ƙware. Ɗan shekara uku a Argungu ya san ya tuɓe takalmi, ya rusuna, ya sassauta murya. Ba ƙaramin abu ba ne kuma, domin a gaisuwa yaro ke fara gane cewa magana bi da bi ake yinta, kuma akwai babba akwai ƙarami.

Hira ita ce abin da ke biyo bayan "to madalla". Ba wanda ya san inda za ta nufa. Sai ka ji abin da aka faɗa, ka gane abin da ake nufi, ka ɗora naka a kai, sannan ka bar wa ɗayan abin da zai kama. Surutu kuwa magana ce da ba ruwanta da mai sauraro. Mai surutu ba ya duban fuskarka ya ga ko ka ƙosa.

Iyaye da yawa sun haɗa hira da surutu suna tsawatar musu tare. Yaro kuma ba wawa ba ne: sai ya riƙe gaisuwa, wadda ake sa masa albarka a kanta, ya saki sauran.

Abin da masu bincike suka auna

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san ba ƙarfi ne sirrin ba. Taɓaryar wannan na tashi, ta waccan na sauka. In ɗaya ta yi garaje taɓare su gwabzu, in ta yi nawa kiɗan ya mutu. Haka hira take, kuma an auna ta da agogo. A 2009 wasu masana harshe ƙarƙashin Tanya Stivers suka kwatanta hirar yau da kullum a harsuna 10 daga nahiyoyi daban-daban. Suka tarar tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa, a matsakaici, kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ce. Japanawa ne suka fi sauri, mutanen Denmark suka fi jinkiri, amma ko su ba su kai rabin sakan ba. Wato babba yana haɗa amsarsa tun ɗayan bai rufe baki ba.

Ƙaramin yaro bai kai nan ba. Sai ya ji, ya juya maganar a ransa, ya lalubo kalmomi, sannan ya buɗe baki. A wannan ɗan tsakanin ne muke yi masa ɓarna. Ko a daka masa tsawa, "Ba da kai ake magana ba?", ko uwa ta yi caraf ta amsa masa: "Aji uku yake, kunya gare shi." In haka ta yi ta faruwa, yaro ya gane shiru ya fi sauƙi, ai wani zai biya masa.

An daɗe ana ɗauka yawan kalmomin da yaro ke ji shi ne komai. Tushen wannan binciken Betty Hart da Todd Risley ne da aka buga a 1995. Sun bi iyalai 42 a Kansas ta Amurka, suka ƙiyasta cewa 'ya'yan masu hali na jin kalmomi miliyan 30 fiye da 'ya'yan matalauta kafin su shiga makaranta. Adadin ya yi suna, ya kuma sha suka. Iyalan kaɗan ne, sannan waɗanda suka sake dubawa daga baya sun nuna in aka ƙirga duk maganar da ke kewaye da yaro, ta kakanni da yayye da maƙwabta, lissafin kan canza. Wannan sukar ta yi daidai da mu. Gidan Bahaushe ba ya rasa magana, tun asuba ake yinta har a kashe fitila. Abin tambaya shi ne nawa ce daga ciki ake yi da yaron, ba a kansa ko a gefensa ba.

A 2018 Rachel Romeo da abokan aikinta na jami'o'in MIT da Harvard suka naɗi maganar da ake yi a gidajen yara 36, 'yan shekara 4 zuwa 6, suka kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna sauraron labari. Abin da ya fi tafiya tare da ƙwazon yaro a harshe, da motsin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da magana, ba yawan kalmomin manya ba ne. Yawan karɓa-karɓa ne: sau nawa babba ya faɗa yaro ya mayar, yaro ya faɗa babba ya mayar. Yara 36 ba su isa a kafa doka da su ba, amma sakamakon ya zo daidai da abin da tsarin gidajenmu na da ya ginu a kai.

Wa ke koya wa yaro hira a da?

Galibi ba uwa da uba ba ne. Uwar da ke kunyar ɗan fari ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zauna hira da shi a gaban mutane. Uba kuwa a zaure yake cin abinci, maganarsa da yara ba ta wuce umarni da tambayar ko an yi salla. Amma al'ada ba ta bar wurin a wofi ba, ta ɗora aikin a wuyan wasu.

Babbar malama ita ce kaka. A wasan jika da kaka ne aka yarda ƙaramin yaro ya mayar wa babba magana, har a yaba masa in ya iya. Tsohuwa na zaune bisa tabarma tana tsinkar zogale, jikanta ɗan shekara biyar ya shigo, ta ce: "Mai gida, yau ma babu kuɗin goro? To ni yaji za ni yi." Yaro ya tsaya, ya ɗan yi tunani, ya ce: "Ki tahi mana, wa ka son tsohuwa? Amarya za ni yi." Gida ya kwashe da dariya, ita kuma ta sake jefo masa wata. A wasan nan ya koyi gane zolaya daga gaskiya, ya koyi saurin amsa, ya kuma koyi iyaka, domin ranar da ya zarce ya shiga zagi, ita ce za ta fara ja masa kunne.

Tatsuniya ma ba ta mutum ɗaya ba ce. Mai bayarwa ba ta farawa sai an amsa mata "ta zo mu ji ta". In ta kai kan waƙa kowa ya yi amshi, in ta tsallake wani wuri a tsayar da ita, in ta gama a ce saura kai. Kacici-kacici ya ma fi haka. "Baba na ɗaka, gemu na waje." Ka yi ta canka, in ka kasa ka ba da gari, a yi maka dariya, gobe ka zo da naka.

Akwai kuma makarantar da ba a cika sa ta a lissafi ba, wato aike. "Tahi gidan Gwaggo ka ce ina gaishe ta, ka ce in ta ƙare da rariya ta ba ka." Yaro zai yi sallama, ya gaida duk wanda ya tarar bisa tsarin girma, ya isar da saƙo yadda aka ba shi, ya amsa tambayoyin da ba a shirya shi a kansu ba, ya riƙo amsa. Ya dawo kuma a tsare shi: wa ka tarar, me ta ce, yaya jikin jaririn? Duk aike ɗaya labari ɗaya ne da zai tsara daga farko zuwa ƙarshe. Yau uwa ta kira Gwaggo a waya ta gama maganar, in ma an aiki yaron to hannu kawai zai miƙa ya karɓo. A ganina wannan asarar ta fi ta kallon bidiyo girma, kuma ba na jin ana maganarta.

Sai dandali da wasan taubasai, inda sa'o'i ke gwada baki ba tare da alƙali ba.

Me ya rushe tsarin?

Gida ya ƙanƙance. Ma'aikacin da ke haya a unguwar Gesse ko Badariya cikin Birnin Kebbi yana zaune daga shi sai matarsa da yaransa, kaka tana can Bunza ko Kamba, sai da salla. Kunyar da ke tsakanin iyaye da 'ya'ya ta biyo su birni, masu cike gurbin kuwa an baro su a gida.

A kudancin jihar Kebbi ciwon ya fi haka. Rashin tsaro ya taƙaita wasan dare a garuruwa da dama na masarautun Zuru da Yauri. Bayan sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, ba uwar da za a ga laifinta don ta kulle ƙofa da magariba. Iyalan da suka baro garuruwansu kuwa suna da abin da ya fi tatsuniya damun su.

Batun waya gaskiya ne, amma ba yadda ake faɗarsa ba. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta sa aka riƙa yi wa jarirai 'yan wata 9, 'ya'yan masu jin Turanci, wasa da Sinanci har zama 12. Waɗanda mutum ya zauna a gabansu sun koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa mutanen a talabijin ba su koya ba. Bidiyo yana magana, amma ba ya jiran amsa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, 'yan 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Sai dai a yawancin gidajenmu ba yaro ne mai wayar ba. Wayar da ke kashe hira tana hannun Baba, wanda yaro ke ba labari yana "uhm, uhm" idonsa na kan Facebook.

Makaranta ma ba ta cike gurbin ba. A ajin da yara suka cika maƙil, malami ba shi da mafita sai amshi: "Kun gane?" "Eee!" A makarantar allo da Islamiyya hadda ake yi, hadda kuwa sai da maimaici, ba laifi ba ne. Amma yaro na iya wuni tsakanin boko da Islamiyya bakinsa bai huta ba, ba tare da ya haɗa jimla ɗaya tasa ta kansa ba. Tun shekarun 1970 wata mai bincike, Mary Budd Rowe, ta gano malamai kan jira kusan sakan ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Da aka horar da su suka riƙa kaiwa uku, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa ɗaga hannu ma suka fara. Gyara ne da ba ya cin ko sisi.

Kunya ce, ko tsoro?

Nan ake rabuwa. Dattawa da dama na ganin duk wannan zancen hanyar sangarta yara ce. Suna cewa yaron da aka sakar wa fuska raini ke biyo baya, wanda ya zauna shiru gefen manya yana kwasar abin da mai surutu ba zai samu ba, kuma Luƙman cewa ya yi wa ɗansa ya sassauta murya. Ba ƙarya suka yi ba. Wanda bai iya sauraro ba, ba zai iya hira ba.

A ɗaya gefen akwai iyayen da suka karanta shawarwarin tarbiyya a intanet suka kwaso su ɗungurungum: yaro ya kalli babba ido cikin ido, ya faɗi duk abin da ke ransa a ko'ina. Wanda ya ɗora ɗansa a kan haka ya kai shi gaban kawunsa a Gwandu, baƙin jini kawai ya jawo masa. Kallon ƙwayar ido al'adar wasu ce, ba sharaɗin hira ba ce. Yaro na iya sunkuyar da kai ya kuma ba da amsa cikakkiya.

Duka ɓangarorin sun ɗauka ladabi da iya magana ba sa haɗuwa a jikin yaro ɗaya. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya taɓa tambayar sahabbai: wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda take misalin Musulmi? Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar, shi ne ƙarami a wurin, ya gane dabino ce, amma ya ji nauyin manya ya yi shiru. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar bai ce masa madalla da kunya ba. Cewa ya yi da ya faɗa, da hakan ya fi soyuwa gare shi fiye da kaza da kaza. A lura da wani abu kuma: yaron ya iya zuwa ya gaya wa ubansa abin da ya ɗarsu a ransa, uban kuma ya saurara. Umar ne fa, wanda manya ke shakka.

Haka nan ƙanen Anas ɗan Malik, wanda ke da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Annabi (SAW) kan ce masa: "Ya Aba Umair, me ɗan tsuntsu ya yi?" Bai tambaye shi abin da manya ke son ji ba. Ya shiga ta abin da ke ran yaron, ya kuma kira shi da alkunya kamar babba.

Bambance kunya da tsoro ba shi da wuya. Mai kunya yana rage murya gaban baƙo, amma akwai wanda yake sakewa da shi a gida. Mai tsoro ba shi da kowa. In yaro ya fasa kofi ya gwammace ƙarya, in an cuce shi a hanya ya gwammace ya haɗiye, to wannan ba kunya ba ce.

Yadda ake riƙe zance kada ya mutu

Uba ya dawo daga kasuwar Jega, ɗansa na aji uku ya karɓi kayan hannunsa. "Ƙaƙa makaranta?" "Lahiya lau." "Mi anka koya muku?" "Ba komi." Shi ke nan. Uban zai ce yaron ba ya magana, alhali gaisuwa ya yi masa aka amsa masa da gaisuwa, sannan ya yi tambayar da ta yi kama da tuhuma.

Ga uban nan dai, da yaron nan dai, ta wata ƙofar. "Na ga ƙahwarka duk laka. Ta ina kunka biyo?" "Ta bayan kasuwa, ruwa ya cika hanya." Uban ya ce, "Ruwa ya cika hanya?", ya yi shiru yana kwance ledar kifi. "I, har takalmin abokina guda ya tahi." "Subhanalla. To ƙaƙa yay yi ya kai gida?" Daga nan sai dai uban ya gaji da ji.

Abin da ya yi ba shi da yawa. Ya fara daga abin da ido ya gani, ba daga tambayar da ta game duniya ba. Ya maimaita ƙarshen maganar yaron, wanda ke nuna an ji kuma ana son ƙari. Ya jira. Hannunsa kuma na kan aiki, bai kafe yaron da ido ba. Wannan na ƙarshen ya dace da mu ƙwarai, domin yaran da aka rena da kunya sun fi sakin baki a gefe da gefe: wajen turara shinkafa, wajen ɗinkin homa, a bayan babur, a hanyar masallaci. Wanda ya zaunar da ɗansa ya ce "yau hira za mu yi", ya riga ya kashe ta.

Sai dai tambaya kaɗai ba hira ba ce. In kullum uba ne ke tambaya yaro na amsawa, ɗan sanda ya zama. Dole shi ma ya ba da nasa: yadda ruwa ya taɓa tafiya da hularsa yana yaro, ko yadda wani mai saye ya taya masa albasa taya ta raini yau da abin da ya mayar masa. A nan yaro ke ganin yadda ake ɗora labari a kan labari. Tuna abin da aka yi tare ma hanya ce mai sauƙi, kamar ranar salla ko ranar da aka je kallon kamun kifi a Argungu, domin kowa na da abin faɗa kuma yaro na iya gyara wa babba: "A'a Baba, ba ranan ba ce."

Abin da yaranmu suka fi rasawa shi ne mayar da tambaya. An koya musu amsawa, ba a koya musu su ma su tambaya ba. Ana koyar da wannan kamar yadda ake koyar da gaisuwa, da "ce masa". Kawu ya dawo daga Yauri, uwa ta raɗa wa yaro: "In ka gaishe shi, tambaye shi ko ya shiga jirgin ruwa." Tambaya ɗaya tak, a kan abin da babban ya san amsarsa kuma zai ji daɗin faɗa. Ba dattijon da zai kira wannan rashin kunya.

Mai katse mutane kuwa ba tsawa ce maganinsa ba, domin tsawa na gaya masa abin da zai bari ne, ba ta gaya masa abin da zai yi ba. A ba shi kalmomin shiga: ya tsaya kusa, ya jira a numfasa, ya ce "Baba, in yi magana?" In aka ce ya dakata, to a tuna a waiwaye shi. Yaron da aka ce wa "bari in gama" aka kuma manta da shi, gobe ba zai jira ba. Ya kuma san cewa "ban gane ba, a sake faɗi" ba abin kunya ba ne.

In ya yi kuskuren kalma, a maimaita masa daidai cikin amsa a wuce, kada a mayar da shi abin dariyar gida. Jariri ma, tun yana gwaranci, in ya yi a amsa masa a jira ya sake. Masu cewa "ke da wa kike magana?" su yi haƙuri, karɓa-karɓar daga nan take farawa.

Abin da ke biyo baya in an girma

Illar ba ta tsaya a zaure ba. Ita ce matar da likita ke tambaya ina ke ciwo ta ce "jikina ne dai", a rubuta mata maganin da ba nata ba. Shi ne saurayin da ya gama jami'a a Aliero da sakamako mai kyau, aka kira shi ganawar ɗaukar aiki ya kasa wuce e da a'a. Su ne ango da amaryar da suka iya gaida juna amma ba su iya zama su warware ƙaramin saɓani ba, sai ya kai gaban iyaye. Mafi muni, yaron da bai saba gaya wa kowa ƙananan abubuwa ba, ba zai iya faɗin babba ba ranar da wani ya taɓa shi inda bai kamata ba. Masu cutar da yara sun san irin yaron da ba ya faɗa.

Ko ta fuskar aljihu akwai abin lura. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara wani gwaji a Kingston ta Jamaika da yaran matalauta da tamowa ta tsumburar. Ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa gida sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan shekara 20, rahoton da ya fito a 2014 ya nuna abin da waɗannan yaran ke samu ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa ziyarar ba da kusan kashi 25 cikin 100. Ba hira kaɗai aka yi ba, akwai wasa da kayan wasan da aka haɗa a gida, amma ba kuɗi aka raba ba.

Shirun da ba na kunya ba

Ba duk shiru ne tarbiyya za ta gyara ba. Galibin yara kan fara kalmar farko wajen shekara ɗaya, su fara haɗa kalma biyu wajen shekara biyu. Ɗan jinkiri ba abin tashin hankali ba ne, amma yaron da ya wuce biyu ba ya haɗa komai, ko wanda ya fara magana ya daina, "babansa ma haka ya yi" ba amsa ba ce.

Tashi da harshe biyu ba ya hana magana. Yaron Zuru mai jin Dakarci da Hausa, ko wanda ake yi wa Fulatanci ko Zabarmanci a gida, zai iya cakuɗa su na ɗan lokaci, kuma ba ciwo ba ne. Kada a hana kaka yi masa harshenta. In'ina kan ɓullo tsakanin shekara 2 zuwa 5, yawancin yara kuma tana barin su. Abin da ke ƙara mata nauyi shi ne kwaikwayon mai ita, da ƙarasa masa magana, da "yi sauri mana". Yaron da ya ga hari ko aka gudo da shi cikin dare kuma yana iya ɗauke baki gaba ɗaya. Ba a tsare irin wannan da tambayoyi. A zauna kusa da shi, a ba shi ɗan aiki, in abin ya ɗauki makonni ko ya haɗu da firgita da fitsarin kwance a kai shi ga ma'aikacin lafiya.

Abin da aka fi mantawa shi ne kunne. Yaron da ake yi wa kirarin taurin kai don ba ya amsa kira, wani lokaci bai ji ba ne. Ciwon kunne mai fitar da ruwa, wanda ake ɗiga wa mai a gida a ƙyale, yana rage ji. Sanƙarau kuma, wanda ya sake ɓarkewa a Gwandu da Jega da Aliero a farkon 2025, yana cikin manyan abubuwan da ke kurumtar da yara. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na babban asibiti a gwada jinsa, ko da iyaye ba su lura da komai ba, domin kunne ɗaya na iya mutuwa ɗayan ya rufa masa asiri har sai an kai shi aji mai hayaniya.